Mutuwar Goggo ta Farko

Goggona, ƙanwar babana, ta ƙarar da rayuwarta tana kwaikwayon wata Baturiyar Ingila wadda har ta koma ga Mahaliccinta ba ta san akwai wani gari wai shi Kabo ba. 'Yar wasan kwaikwayo ce Baturiyar, ta dandamali da ta fim. Sunanta kuwa babu mai iya faɗa a gidanmu sai Goggo, ita ma sai ta murɗe baki kamar mai tsotsar tsamiya kafin ya fito. Mu dai Baturiyar Goggo muke ce mata, har da babana da ba ya son a tayar da zancen.

Hotonta na manne a bangon ɗakin Goggo, sama da jeren samira. Shafin mujalla ne da ta yago tun tana kwalejin horon malamai, inda ake haska musu majigi a ƙarshen mako. Mace ce mai doguwar fuska da dogon hanci, tana kallonka kamar hedimasta ya kama mai latti. Tun ina ƙarama nake tsoron hoton nan. In an aike ni ɗakin ɗauko wani abu, da sallama nake shiga ko da Goggo ba ta nan.

Tambayi Goggo sunan kakan kakanmu, sai ta ce a tambayi Malam, wato babana. Amma ka tambaye ta Baturiya, to ka jawo tabarma ka zauna. 'Yar mai gyaran takalma ce a wani garin bakin teku. Da shara ta fara, da ninke kayan 'yan wasa a bayan dandamali. Da aka tausaya mata aka ba ta fitowa, sai aka sa ta 'yar aiki mai ɗauko tire, maganarta ɗaya tak a duk wasan: shayi ya iso. Ta yi shekaru tana kawo shayin nan.

"Amma yadda take ajiye tiren," in ji Goggo, "sai da 'yan kallo suka daina kallon uwar ɗakin."

Daga nan sai ta nuna mana yadda ake ajiyewa, da kwanon miyar kuka, rabin miyar ta ƙare a zanen innata.

Daga ɗaukar tire Baturiya ta hau matsayin 'yar sarki, ta hau na sarauniya, ta yi mahaukaciya, ta yi matar da miji ya gudu ya bari. Da ta tsufa ta koma fim da talabijin, tana fitowa a tsohuwa mai kaifin baki, har sarauniyar ƙasarsu ta gaske ta ba ta lambar girma. Amma abin da ya fi tafiya da Goggo shi ne mutuwa. An ce a duk Ingila babu wadda ta iya mutuwa kamarta. Ta sha guba, an soke ta, baƙin ciki ya kashe ta, duk a gaban mutane. In ta mutu sai a ja labule. Can kuma sai ta tashi, ta karkaɗe riga, ta fito gaban labulen ta rusuna, jama'a su miƙe tsaye suna tafi. A can haka al'adar take, kuma Goggo ta ɗauki wannan rusunawar da muhimmanci fiye da albashinta.

Akwai kuma wani abu a tarihin da Goggo kan faɗa da sauri ta wuce. Baturiya ta yi aure biyu, ba ta haihu ba. Goggo ma haka. Bayan rasuwar mijinta na biyu ta dawo gidanmu, babana ya ba ta ɗakin baya mai ƙofar lungu, tana koyarwa a firamare. A wurinmu kuwa da sahun jana'iza ake auna mutum. Mai 'ya'ya na da surukai da jikoki da abokan 'ya'ya, duk za su zo su tsaya masa ko ba don Allah ba. Goggo ta san lissafin nan sarai, kuma ba ta ɓoye tsoronta.

"Ni ba ni da ɗan da zai tara mini mutane," ta kan ce da ni. "Sai dai in tara abina da kaina."

Ranar da labarin mutuwar Baturiya ya zo, ta gaske wannan karon, Goggo ta yi ta yawo da waya a tsakar gida tana nuna wa kowa. Mutane maƙil a titi, furanni kamar a kasuwa, gidajen wasa sun kashe fitilunsu. Har zaure ta bi babana yana tsakiyar duba allunan ɗalibansa.

"Yaya Malam, dubi nan. Ba ta haifi kowa ba, dubi mutane."

Ya kalli wayar ta saman tabarau ya ce, "Auta, waɗannan ai kallo suka zo, ba salla ba."

"Su dai sun zo," in ji ta.

To ina 'yar wasa za ta sami dandamali a Kabo? Akwai wata 'yar ƙungiya ta malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, masu zagaya ƙauyukan Kabo da Gwarzo suna wasan wayar da kai: rigakafi, tsaftar rijiya, zuwa awon ciki. Dandamalinsu bencinan makaranta ne da aka harhaɗa. Labulensu zanen gado ne da mutum biyu ke riƙewa, ɗaya ya fi ɗaya tsawo, saboda haka kullum a karkace yake. A nan Goggo ta shigo da dokokin Ingila. Ba a juya wa 'yan kallo baya. Ba a ihu, raɗa ake yi wadda na can baya zai ji. Ba a kunna waya ranar wasa. Sannan in an gama, dole kowa ya fito ya rusuna.

Mutanenmu kuwa ba su san wannan zancen ba. Ana cikin wasa suke sa baki, wani ya ce kar ki yarda da shi, wata ta ce ai na san uwarsa. In an zo ƙarshe, kafin Goggo ta gama karkaɗe zane ta fito rusunawa, rabin fili ya watse, saura awaki da masu neman mota. Tafi kuwa, wa zai tafa wa mace mai shekarunta? Sai dai a ce Allah ya shirya. A Mainika, garin dangin kakarmu, ta taɓa mutuwa a wasa ta tashi ta rusuna, wasu tsofaffi suka yi a'uziyya suka tofa a ƙirjinsu. A bayan idonta 'yar wasa ake ce mata, da irin muryar da ake faɗar sunan cuta. A gabanta kuma Malama. Babana bai taɓa hana ta ba, bai kuma taɓa zuwa ya kalla ba, kuma wannan ya fi hanin ciwo a wurinta.

Ranar da suka yi wasa a Garo ina wurin, ni ce mai riƙe mata jaka, lokacin ina hutun kwaleji. Wasan a kan masu tallan magani da lasifika ne, masu ƙwaya ɗaya da ke maganin basir da shawara da ciwon baya da rashin kasuwa. Goggo ce matar da za ta saya ta sha ta mutu. Ta daɗe tana gwajin mutuwar nan a tsakar gidanmu, har kaji sun saba, in ta faɗi sai su tsallake ta su wuce.

Amma a filin makarantar Garo, da hantsi, ta yi abin da ban taɓa gani ba. Sauran 'yan ƙungiyar in za su mutu birgima suke yi suna harba ƙafa. Ita shiru ta yi. Ta tsaya da kofin a hannu kamar ta tuna wani abu da ta bari a kan wuta. Kofin ya suɓuce. Ta miƙa hannu tana neman abin dafawa, babu. Gwiwoyinta suka lanƙwashe a hankali, ta yi kalmar shahada da wata ƙaramar murya wadda mai rake a bakin ƙofar makaranta ya ji. Filin ya yi tsit. Ni da na ga gwajin har ya gundure ni, sai da gabana ya faɗi.

A sahun gaba akwai matar wani kansila tana ɗauka da waya. Ana lulluɓa wa Goggo zane ta fashe da kuka, ta kashe ɗaukar, ta fice daga filin, ta tura ɗan bidiyon a gurup ɗin dangi da na biki da na adashi, da ƙarin bayani daga kanta: Malama ta yanke jiki ta faɗi ana tsakiyar wasa a Garo, rai ya yi halinsa. Goggo ta tashi ta rusuna kamar yadda ta saba. Mutanen Garo sun gani da idonsu, amma babu wanda ya ga dalilin ɗaukar hoton mai rai ya tura wa wani.

Mun dawo gida wajen azahar, ta ƙofar lungu, babu wanda ya gan mu. Babana da innata sun tafi Masanawa saukar karatu. Wayar Goggo a kashe bisa dokar Ingila, tawa kuma babu caji bisa dokar masu wutar lantarki. Ta kwanta tana huce gajiyar mutuwa, ni ina yi mata fifita.

Salati na fara ji daga zaure. Sai takun ƙafafu, sai kukan mata. Na ji an ambaci Goggo, an ce Allah ya jiƙanta. Na miƙe zan ɗaga labule, ta cafke wuyan hannuna.

"Zauna."

"Goggo, cewa fa suke yi kin mutu."

"Na ji, ba kurma ba ce ni." Ta tura ƙyauren da ƙafa, ta zura sakata. "Bari su ƙara taruwa. Ba a buɗe labule gida bai cika ba."

Tsoro ya sa ni kuka. Kukan nawa kuwa shi ya ƙarasa aikin. Na ji wata tana cewa 'yar Malam na ciki da gawar, a ƙyale ta har uban ya iso. Suka shimfiɗa tabarmi suka zauna.

Goggo ta sa ido a tsagar ƙyaure. Abin da muka ji ranar nan, da ba da kunnena na ji ba, da na ƙaryata. Matan da ke ce mata 'yar wasa su ne ke cewa baiwar Allah, ba ta da abokin faɗa. Wadda ta hana 'yarta gaishe ta ce take ba da labarin yadda Malama ke son yara. Akwai wata 'yar'uwar kakarmu daga Mainika, wadda ta yi shekaru ba ta amsa sallamar Goggo, ita ta fi kowa ɗaga murya, tana dukan cinya tana cewa an yi mata rashi. A gindin tagarmu kuma wasu biyu na tambayar juna a hankali, ko wa za a ba samirun da keken ɗinkin.

Ita kuwa marigayiyar tana duba aikinsu ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan kukan na maƙogwaro ne," ta raɗa mini. "Bai taso daga ciki ba. Dubi waccan, ta juya wa jama'a baya. Ta Mainika kuwa ta yi yawa, da ta rage rabi da an yarda da ita."

Tana faɗa tana zizara kwalli. Ta buɗe akwati ta ciro leshinta na zuwa biki ta ɗaura. Sannan ta ce in hau kan akwatin in leƙa ta ƙaramar tagar sama mai kallon titi.

Na leƙa. Maza sun cika ƙofar gida. An kwaso tabarmin masallaci, ba su isa ba, wasu na tsugune a gindin katanga. Ga motar Mainika, ga babura daga Gwarzo, ga malaman makarantu, ga ƙattin da ta koya wa karatu suna yara, sun rufe shagunansu sun taho. Wasu samari sun wuce da diga da shebur, sun nufi maƙabarta.

"Ina jama'ar suka kai?" in ji Goggo.

"Sun wuce shagon mai niƙa."

"Shagon mai niƙa," ta maimaita, ta zauna a bakin gado. Ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskar mutum ba. Haushinta nake ji kamar in shaƙe ta, ga kuma tausayinta ya kama ni.

Ana haka babana ya iso a bayan ɗan acaɓa. Babu hula a kansa, takalmi ƙafa ɗaya. Mutumin da ko tsakar gidansa ba ya ratsawa in akwai baƙi mata, sai ga shi ya kutsa cikinsu bai ko yi sallama ba, hawaye na bin gemunsa, yana cewa, "Auta. Ina Auta?"

Goggo ta miƙe daga bakin gado. Na ɗauka za ta amsa daga ciki, ta ce ga ni, Yaya Malam, lafiyata ƙalau. Mai hankali abin da zai yi ke nan. Ina! Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta zare sakata, ta ɗaga labule da hannu ɗaya, ta tako tsakar gida cikin leshi da kwalli, ta rusuna har ƙasa yadda ake yi a Ingila.

Babu wanda ya tafa. Mata suka yi ta kansu, wasu zaure, wasu banɗaki, wata ta haye kan turmi ban san dalili ba. Aka fasa randar innata. Ta Mainika ta zube a bakin kwata, wannan karon kuma faɗuwar ta gaske ce, ko Goggo ba ta kushe ta ba. Babana kaɗai ya tsaya. Ya daɗe yana kallonta. Ya share fuska da hannun riga ya ce alhamdu lillahi. Sannan ya ce, "Auta, sai ki aika wa masu haƙa kabari da bakinki, ni ba zan iya ba."

Fushin da aka yi ba ƙarami ba ne. Lokacin noma ne, mutane sun bar gonaki, wasu sun bar tukunya a wuta. Amma ni na san ba gona ce ta fi ƙona musu rai ba. Sun yabe ta da bakinsu, ta ji, kuma babu halin janyewa. Matan nan masu tambayar wa za a ba samira suka daina biyowa ta layinmu. Ta Mainika ta rantse ba ta ƙara taka gidanmu. Aka ce an mayar da dattawa 'yan kallo, aka ce gidan malamai guda ya zama gidan wasa. Matar kansila da ta haɗa abin tun farko, babu wanda ya ce mata kanzil, har yaba mata ake yi wai tana da tausayi.

Goggo kuwa ko a jikinta. Tsoron da ta daɗe tana fama da shi ya tafi. Ta yi ƙiba, ta ƙara faɗin baki. Duk wanda ya zauna kusa da ita, a gidan suna ko a layin asibiti, sai ya ji labarin.

"Ni na ga jana'izata da idona. Sun wuce shagon mai niƙa."

Tana faɗa wa mutanen da suka zauna a kan tabarmin nan da kansu, ba ta lura da yadda fuskokinsu ke canzawa. Na ce mata ta rage, ta ce hassada ce irin ta masu sana'a ɗaya. Babana ya faɗa mata sau ɗaya, suna cin abinci, bai ko ɗaga kai ba: "Auta, mutane ba sa zuwa jana'izar mutum sau biyu." Ta yi dariya ta ce ai Baturiya kullum sai ta mutu, kuma kullum gidan cike yake.

Ta ci gaba da wasanta har ƙafa ta fara ba ta matsala. Ni na yi aure a Gwarzo, na kama koyarwa. Da ciwo ya kwantar da ita na dawo Kabo jinya. Wata safiya da damina, an idar da sallar asuba ke nan, ta ce in ba ta ruwa. Na je na ɗebo, na dawo na tarar ta tafi. Babu miƙa hannu, babu kofin da ya suɓuce, bakinta ma a ɗan buɗe. A duk mace-macen da ta yi, wannan ce mafi rashin fasali, kuma babu ɗan kallo ko ɗaya, ni ɗin ma na juya baya.

Na tura sanarwa a waya. Na nemi hoton da zan haɗa da ita, na rasa wanda ba a wurin wasa aka ɗauke ta ba, na zaɓi mai dama-dama na saka. Amsar farko da ta shigo fuskar dariya ce. Ta biyu ta ce yaushe za a haska. Wani tsohon ɗalibinta ya rubuto cewa a gaishe da Malama, wannan karon ba za a same su ba. Na yi ta bugawa ina rantsuwa, ina kuka a waya, aka ce ai wancan karon ma an ji kukana.

Babana da kansa ya kira Mainika. Ina tsaye a gefensa, ina jin muryar dattijon da ya ɗauka.

"Malam, ka gani da idonka?"

"Na gani. Ni na rufe mata ido."

Sannan dattijon ya ce, "To, Allah ya sa mu ji alheri. Ka san wancan karon ma kai da kanka ka shigo kana kuka." Ya ce za su saurara zuwa an jima.

Mu kuwa ba ma ajiye gawa a saurara. Babana ya fi kowa tsanani a kan haka. Na sha jin yana faɗa wa mutane cewa ba a jiran ɗan da ke Legas, ba a jiran mai zuwa daga Kano, a gaggauta a kai mutum makwancinsa. Ranar nan an yi wanka, an sa likkafani, an ɗora a makara, shi kuma yana tsaye a ƙofar gida yana kallon hanya. Liman ya matso ya yi masa magana, ya ce a ɗan ƙara. Ya sake matsowa, ya ce a ɗan ƙara. Ni na shimfiɗa tabarmi a tsakar gida har inda aka shimfiɗa wancan karon, kaji suka hau suna yawo a kai. Da rana ta take, babana ya ce a ɗauko ta.

Na hau akwatin nan na leƙa ta tagar sama. Maƙwabta ne, da ɗaliban babana, da 'yan ƙungiyar wasan da suka sami labari da wuri. Sahun bai kai ƙarshen katangarmu ba. Mai niƙa bai ko kashe injinsa ba.

Sai ranar uku suka zo, bayan waɗanda suka ga kabarin sun ba da shaida. Motar Mainika, baburan Gwarzo, malaman makarantu, matar kansila da sabon mayafi. Suka cika tsakar gida, suka cika titi. Aka yi ta gaisuwa, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, ashe abin da ya faru ke nan, ai ba a yi mana bayani sosai ba. Wata ma cewa ta yi laifina ne da na saka hoton wasa. Amma babu mai kuka. Kowa ya kame bakinsa, babu mai son a kama shi karo na biyu. Suna yi wa innata ta'aziyya, idanunsu na kan labulen ɗakin Goggo. Iska ta ɗan motsa shi, na ga wata ta janyo takalmanta kusa.

Ta Mainika, wadda ta rantse ba ta ƙara taka gidanmu, ta tsufa sosai, da sanda ta shigo. Ta yafito ni da hannu, na durƙusa a gabanta.

"'Yar nan, tsakaninki da Allah. Tana ciki?"

Raina ya ɓaci. Na tashi na ratsa ta cikinsu na je na ɗaga labulen gaba ɗaya, yadda na can baya ma zai gani. An naɗe katifa, an kwashe samiru an raba. Babu kowa a ɗakin sai Baturiya a bango, tana kallonsu da dogon hancinta.

A nan ne suka fashe da kuka. Ta Mainika ba ta doki cinya ba, ba ta ɗaga murya ba, kafaɗunta ne kawai ke rawa. Da Goggo na nan da ta ce wannan daga ciki ya taso. Ta ƙofar zaure ina hango maza zaune har bayan shagon mai niƙa. Gida ya cika yadda take so, ni kuma ina tsaye riƙe da labule, ban saki ba.

Babana ya shigo karɓar gaisuwar mata, ya gan ni a haka. Ya matso kusa, ya yi magana a hankali don kada a ji.

"Saki, 'yar nan. Ba za ta fito ba."